Ɗan littafin da ya hana mu barci a zauren karatu

Kusan shekara guda kenan muna karanta littafi ɗaya duk wata a wani zauren WhatsApp, amma wallahi ba mu taɓa samun wanda ya haɗa mu faɗa irin na wannan watan ba, The Time Machine na H.G. Wells, wanda ya fito tun 1895. Ɗan siriri ne fa, a zama biyu mutum zai cinye shi, amma musun da ya jawo sai da ya kai mu ƙarfe ɗayan dare, ni datata ce ma ta ƙare ana tsaka da yi.

Waɗanda suka ce bai musu ba ina da uzurinsu. Babin farko kaɗai ya isa ya kori mutum, wasu Turawa ne sun ci sun ƙoshi a wani gida a Richmond suna jin ɗumin wuta, maigidan yana ta zuba musu lacca wai shi ma lokaci hanya ce da ake iya bi gaba ko baya, wata 'yar'uwa ta ce sau biyu barci yana kwashe ta a nan. Jarumin, wato maigidan nan da ya ƙera injin tafiya cikin lokaci, ko suna ba a ba shi ba. Wasu kuma fim ɗin 2002 suka fara kalla, inda aka ƙirƙiro masa budurwa ta mutu don ya samu dalilin ƙera injin, suka shigo neman soyayya suka tarar babu ko ƙamshinta. Sai batun Weena, wata 'yar ƙaramar mace ta zamanin gaba da ya je, wadda ya tsamo daga kogi ta dinga binsa kamar kyanwa tana cusa masa furanni a aljihu, ƙarshe ta salwanta a gobarar dajin da shi da kansa ya kunna. Matan zauren suka ce an mai da ita abin wasa, kuma gaskiyarsu ce, ban ja da su ba.

Inda na ƙi yarda shi ne da wani ya ce labarin dodanni ne kawai na yara. Haba ɗan'uwa. Mutumin nan ya sauka a shekara ta 802,701 ya tarar 'yan Adam sun rabu gida biyu, Eloi a sama, kyawawa, 'yan ƙanana, ba aiki ba tunani, sai cin 'ya'yan itace da tsoron duhu, su kuma Morlock suna ƙarƙashin ƙasa da injina, su ke musu sutura su ke musu komai, in dare ya yi su hauro ta rijiyoyi su kama na kamawa su cinye. Kiwonsu suke yi kamar ragon layya. Kuma Wells ba daga sama ya tsinci wannan ba, mahaifiyarsa aiki take a wani gidan masu hali da ake kira Uppark, gidan da ma'aikata ke bi ta hanyoyin ƙarƙashin ƙasa don kada su ɓata wa iyayen gida gani, shi kansa yana yaro an kai shi koyon tsaron shagon yadi ya sha wahala. A cikin littafin ma jarumin ya kawo misali da jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan da leburorin gabashin birnin da ko rana ba sa gani sosai.

Da na rubuta wannan sai zauren ya yi tsit, can wata Anti ta ce ita kam yarinyar da ke mata aiki ta faɗo mata a rai, wadda ke kwana a kicin, ta tashi kafin asuba, 'ya'yan gidan kuwa har na jami'a bai san yadda ake kunna risho ba. Ba wanda ya ba ta amsa. Ni ma ban ba ta ba, don ɗana ma, kwanaki na tambaye shi daga ina ruwa yake zuwa ya ce min daga kurar mai ruwa.

Wani malamin makaranta kuma ya ce shi abin da ya dame shi aƙidar Darwin ce, ta cewa halittu rikiɗa suke yi daga wani nau'i zuwa wani, kwance a ƙarƙashin labarin. Bai yi ƙarya ba, Wells ɗalibin T.H. Huxley ne, babban mai kare wannan ra'ayin. To amma ni dai ban taɓa jin wanda aka ce sai ya yi imani da Gizo kafin ya ji tatsuniya ba.

Ƙarshen ma raba mu ya yi. Jarumin ya zarce gaba har shekara miliyan 30, rana ta yi jajir ta kumbura, ga sanyi, ba kowa sai wani baƙin abu yana mutsu-mutsu a bakin teku. Rabin mutane suka ce ya kashe musu jiki. Ni kuwa nan ne wurin da na karanta sau uku da fitilar waya bayan an ɗauke wuta. Ya dawo ya ba da labari abokansa suka ƙaryata shi, ya sake hawa injinsa, shekara uku shiru, abin da ya rage a hannun abokin nasa mai ba mu labarin busassun fararen furanni biyu ne na Weena.

'Yar'uwar nan mai barci ta ce za ta sake gwadawa, amma daga inda ya sauka za ta fara. Yau kwana shida ba mu ji ɗuriyarta ba.