Batirin shekara 50 ba zai caja waya ba

Malam mai rahoto, kun ce batirin nukiliyar da kamfanin Betavolt na Sin ya sanar a 2024 zai yi shekara 50 ba caji, har wasu a nan Damagaram sun fara murnar rabuwa da matsalar ɗauke wuta. A bi a hankali. Ƙarfinsa maikurowat 100 ne kacal, sai an haɗa dubu goma kafin a samu wat ɗaya, cajar waya kuwa wat 5 take ci ko fiye. A cikin batirin, wani nau'in ƙarfe mai suna nikel-63 ne ke fitar da ilaktaron, siririn daimon ya mayar da su lantarki, amma yawancin ƙarfin salwanta yake yi kafin ya zama lantarki. Ƙananan na'urorin awo zai yi wa amfani. Kuma ba yuraniyom ɗin Arlit ake zubawa ciki ba, saɓanin abin da wani mai sharhi ya rubuta.