Daga ganuwar York zuwa badalar Kano

Hutun bana na ɗauki mota daga Leeds, inda nake zaune, na nausa arewacin Ingila. Kwana huɗu na yi a hanya, ban kwana a otal ba ko sau ɗaya, domin ina da abokan karatu biyu da rabona da su an daɗe, ɗaya a York, ɗaya a Newcastle. Bara kuma irin wannan tafiya na yi a gida, daga Kano zuwa Katsina, na ɓulla Daura. Tun da na dawo nake auna su biyun a raina.

A York na hau ganuwar birnin na zaga ta, tafiyar kilomita uku da ɗoriya, ba a karɓar ko kwabo. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutanen da na tarar a kanta. Ba baƙi kaɗai ba ne. Ga tsohuwa da jikarta, ga ma'aikaci ya bi ta kai don ya yanke hanya, ga malama da ɗalibanta tana nuna musu inda Rumawa suka kafa sansani a shekarar 71. Washegari a Durham aka ce mini an aza tubalin babbar majami'ar garin a 1093. Nan take gabana ya faɗi, domin Sarki Gijimasu, wanda ya fara ganuwar Kano, a 1095 ya hau mulki. Ashe tsararraki ne. Tasu tana tsaye kamar jiya aka gama ta, tamu kuwa an ɗebi ƙasarta an yi bulo, an yi gini a bayanta, wasu ƙofofin an rushe su don faɗaɗa titi aka mayar da su na siminti.

Za a ce tasu dutse ce, tamu ƙasa, kuma suna da kuɗi. Gaskiya ne, amma ban yarda a nan maganar ta ƙare ba. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe, kuma kakanninmu sun san haka, shi ya sa suke fita aikin ganuwa. Hasumiyar Gobarau ai ta ƙasa ce, ga ta nan tsaye a Katsina ɗaruruwan shekaru saboda ba a daina kula da ita ba. Ruwan sama yana cin badala, amma sai da muka janye hannu ya samu yadda yake so.

Ta wajen sauka kuwa, gida ya yi wa nan fintinkau. Abokina na Newcastle mutumin kirki ne, amma sai da muka yi makonni uku muna daidaita rana saboda aikin dare. Ya shimfiɗa mini a falo, da asuba ya fita, ya bar mini makulli. Ban ga laifinsa ba, rayuwar ce haka. A Katsina kuwa ina Kankiya na buga wa abokina na can waya. Kafin in isa an share mini turakar maigida, uwargida ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, maƙwabta suna shigowa gaishe da baƙo har bayan isha'i. Da na ce gobe zan wuce, sai ya ce, "Haba mutumina, wa zai bar ka?" Kwana uku na yi.

To amma a nan abin ya dame ni. Da na ce ya raka ni tsohuwar Kwalejin Katsina, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wadda yanzu gidan tarihi ce, sai ya ce kullum yana wucewa ta wurin amma bai taɓa shiga ba. Mai masaukina na Kano ma haka yake da Gidan Makama, gidan tarihin Kano, alhali 'ya'yansa a birni aka haife su. Mu masu son tafiya ne, biki da gaisuwar mutuwa suna kai mu ko'ina, kuma kusan duk garin da muka je akwai ƙofar da za a buɗe mana. Bature sai ya biya kuɗin ɗaki kafin ya ga tarihinsa. Mu da muke da masauki kyauta, sai mu ci mu sha mu yi hira, mu koma ba mu leƙa komai ba.

A Daura na matsa wa abokina sai da ya kwaso yaransa uku muka tafi Rijiyar Kusugu. Sun san labarin Bayajida da macijin daga littafin makaranta, amma ƙaramar cikinsu ba ta san a garinsu rijiyar take ba. Aka ja ruwa da guga aka ba ta ta sha. Har muka koma gida tana tambayar babanta ta ina macijin yake fitowa.