Wa aka tambaya a Garwa kafin a karɓi kujerar minista?

Ranar 30 ga Afrilun 2025 jam'iyyar SPD a nan Jamus ta bayyana sakamakon wata ƙuri'a wadda ba ta zaɓen kowa ba ce. Tambaya guda aka yi wa 'ya'yanta: mu shiga gwamnatin Friedrich Merz, ko mu zauna a adawa? Shugabanni sun riga sun gama ciniki, sun samo ma'aikatu bakwai har da ta kuɗi, amma ba su isa su sa hannu ba sai 'yan jam'iyya sun yarda.

Ga yadda aka yi. An wallafa yarjejeniyar mai shafi 144 kowa ya karanta. Duk mai katin jam'iyya, su kusan 358,000, an aika masa wasiƙa har gida da lambar sirri. Daga 15 zuwa 29 ga wata ya shiga intanet ya danna e ko a'a. Tsohon da bai iya waya ba ya je ofishin jam'iyya na garinsu. An gindaya cewa in masu kaɗawa ba su kai kashi 20 cikin ɗari ba, ƙuri'ar ba ta ɗaure kowa ba. Shugabannin reshen matasa suka fito fili suna cewa a ƙi, kuma ba wanda ya kore su. A ƙarshe kashi 56 suka kaɗa, kashi 84.6 daga cikinsu suka amince.

Ba kirki ne ya yi wa Jamusawa yawa ba, doka ce da kuɗi. Sashe na 21 na tsarin mulkinsu ya wajabta dimokuraɗiyya a cikin jam'iyya kanta. Dokar jam'iyyu ta 1967 ta ce a yi babban taro aƙalla duk shekara biyu, ɗan takarar mazaɓa kuwa da ƙuri'ar sirri ake tsayar da shi. Ɗan jam'iyya na biyan kuɗin wata gwargwadon samunsa, kuma tallafin gwamnati ba ya wuce abin da jam'iyya ta tara da kanta. Wanda ke ciyar da jam'iyya dole a ji ta bakinsa. Ban ce ba su da nasu ba: CDU, jam'iyyar Merz, taron wakilai kawai ta kira, ƙawarta CSU kuwa shugabanni ne suka yanke.

Yanzu mu koma gida Kamaru. A zaɓen 'yan majalisa na Maris 1992 jam'iyyar adawa ta UNDP ta ci kujeru 68 cikin 180, da yawansu da ƙuri'unmu na arewa, RDPC mai mulki na da 88. Kujeru shida na jam'iyyar MDR ta Dakole Daisala suka cika wa gwamnati rinjaye. Kafin shekarar ta ƙare Hamadu Mustafa da Isa Ciroma na UNDP sun zama ministoci, a 1997 shugaban jam'iyyar, Bello Buba Maigari, ya bi sahu. Zuwa 2002 kujera ɗaya ta rage wa UNDP. Wane manomin auduga a Gidar ko ɗan kasuwa a Marwa aka miƙa wa takarda ya ce e ko a'a? Haka da Isa Ciroma da Bello Buba suka juya wa gwamnati baya a Yunin 2025, a waya aka ji. RDPC ma rabonta da babban taro tun Satumban 2011.

Turawa kan ce ai laifin talaka ne, shi ke karɓar atamfa mai hoto da burodi da sadin. Wannan magana na ƙona min rai. Mutanen da ke zubin adashi ba fashi, suke haɗa kuɗi su gina masallaci da makarantar allo, su za a ce ba su san biyan kuɗin ƙungiya ba? Uwar adashi suna ganin littafinta, sun san ranar kwasar kowa. Ma'ajin jam'iyya fa, wa ya taɓa ganin nasa? Ga kuɗin ajiyar takarar majalisa sefa miliyan ɗaya kan kowane mutum, ta shugaban ƙasa miliyan 30, sai mai gida ya biya, jerin sunaye kuma ya fito daga falonsa.

A yarjejeniyar Jamus har mafi ƙarancin albashi da gyaran layin dogo an rubuta, ana iya buɗe shafi a tsare minista da shi. Mu shekara talatin 'ya'yan arewa na zaune a majalisar ministoci a Yawunde, jirgin ƙasa har yau a Ngaundare yake tsayawa, direban da zai ƙarasa da kaya Garwa da Kusiri kuma ya san taya nawa zai ɗora a bayan mota kafin ya kama hanya.