Ranar da Hoss ya ga aljanu a Ponderosa

Duk wanda ya taso da kallon fim ɗin kaboyi ya san abin da yake jira idan ya zauna gaban akwatin talabijin: doki, ƙura, malafa, bindiga a ƙugu, da mugun da zai faɗi kafin a tashi. Shi ya sa har yau, bayan shekara 60 da ɗoriya, masoyan shirin Bonanza ba su gama jayayya ba a kan wani kashi guda da tashar NBC ta Amurka ta nuna a daren Lahadi, 22 ga Disamba, 1963. Sunansa "Hoss and the Leprechauns". A cikinsa Hoss, ƙaton gidan Cartwright, ya dawo daga daji yana rantsuwa cewa ya ga wasu ƴan tsirarun mutane sanye da korayen tufafi, kuma suna da akwati cike da zinariya.

Ga wanda bai san shirin ba, Bonanza labarin wani dattijo ne mai suna Ben Cartwright da ƴaƴansa maza uku, Adam da Hoss da Little Joe, kowanne uwarsa daban, kuma duka iyayen matan sun rasu. Suna da makeken gandun kiwo mai suna Ponderosa a kusa da garin Virginia City na Nevada, a shekarun 1860. An fara nuna shi a watan Satumba na 1959, aka rufe a Janairun 1973, zango 14, kashi sama da 400. Daga 1964 zuwa 1967 babu shirin da ya kai shi yawan masu kallo a duk faɗin Amurka.

Labarin wannan kashin bai da tsawo. Hoss ya tarar da wani ɗan mitsitsin mutum da dabbar beyar ta kora bisa bishiya, ya cece shi, daga nan maganar zinariya ta shigo. Ya koma gida ya faɗi abin da idonsa ya gani, aka yi masa dariya. Sai ga wani baƙo mai zaƙin baki, mutumin ƙasar Ailan da ke kiran kansa Farfesa McCarthy, ya shigo gari yana bayyana wa jama'a cewa ai waɗannan su ne lefirikon, ƙananan aljanun tatsuniyar ƙasarsu, waɗanda aka ce duk wanda ya kama ɗaya sai ya nuna masa inda ya binne tukunyar zinariyarsa. Nan take gari ya ruɗe, kowa ya bazama daji farautar aljanu. A ƙarshe gaskiya ta fito: ba aljanu ba ne, mutane ne, wadanni masu wasan nishaɗi gari-gari, waɗanda suka gudu daga hannun wannan farfesan da ke tatsar guminsu.

Masu kallo sun rabu a kansa tun ba yau ba. Akwai waɗanda ke sa shi a sahun farko na abin da suka fi so a shirin gaba ɗaya, suna maimaita kallonsa da ƴaƴa da jikoki. Akwai waɗanda ke ganin zubar da girma ne: shirin da ya taɓo rikicin filaye, da wariyar da aka nuna wa ƴan China, da zaluncin da aka yi wa ƴan asalin ƙasar, me ya haɗa shi da tseren manyan mutane a bayan aljanu? A wurinsu wannan ba kaboyi ba ne, wasan yara ne aka sa wa malafa. Sai kuma rukuni na uku, mafi yawansu ƴan baya-bayan nan, waɗanda ba shirmen ne ke damunsu ba, dariyar da ake yi da halittar mutane ce ke tsaya musu a rai.

Ni ina tare da rukunin farko. Masu cewa ba kaboyi ba ne ina ganin sun yi kuskure ƙarara. Rukuni na uku kuwa suna da magana, kuma zan zo kanta.

Mu fara da garin kansa. Virginia City ba ƙirƙirar marubuta ba ce, gari ne na gaske da ke nan har gobe. An kafa shi ne a 1859 lokacin da aka gano makekiyar jijiyar azurfa ta Comstock a ƙarƙashin duwatsun wurin, mutane suka yi ta kwarara daga ko'ina, kowa da mafarkin kwana ɗaya ya wayi gari attajiri. Garin da jita-jitar dukiya ta haifa, shin abin mamaki ne a nuna mutanensa sun bar shagunansu sun shiga daji don wani baƙo ya ce akwai zinariya? Ai a duk abin da Bonanza ya nuna game da Virginia City, da wuya a sami wanda ya fi wannan kusa da halin garin na asali. Ka lura da yadda abin ya juya. Da Hoss, mutumin da kowa ya san ba ya ƙarya, ya ce ya ga ƙananan mutane, an mai da shi abin dariya. Da baƙon da ba wanda ya san asalinsa ya ƙara kalmar zinariya a kan maganar, kowa ya gaskata. Shaidar mai gaskiya ba ta motsa kowa ba, kwaɗayi ne ya motsa su. Wanda ya taɓa ganin yadda ƙauye ke watsewa cikin mako guda idan aka ce an ga gwal a bayan gari ba zai kira wannan wasan yara ba.

Sannan zuƙi-ta-malle ɗin ma ɗan gida ne a yammacin Amurka. Masu haƙar ma'adinai da makiyaya sun shahara da gasar shara ƙarya a bakin wuta da dare, kowa na ƙoƙarin ya fi na gabansa. A wannan garin na Virginia City ne wani matashin ɗan jarida mai suna Samuel Clemens ya yi aiki da jaridar Territorial Enterprise, a nan ya fara sa hannu da sunan Mark Twain a 1863, sunan da ya shahara da shi a matsayin marubuci. Kafin nan, a 1862, ya buga labarin ƙarya na wata gawa da wai aka tsinta ta rikiɗe ta zama dutse, wasu jaridu suka ɗauka suka yaɗa kamar gaske. Saboda haka wanda ya ce labarin ban dariya mai kama da almara bai dace da kaboyi ba, fim ya sani, bai san ƙasar da fim ɗin ke magana a kanta ba. Mutanen wurin ba kullum suke harbin juna ba. Mafi yawan kwanakinsu aiki ne, da gajiya, da hira.

Akwai kuma maganar sana'a. A wancan zamanin shiri irin wannan yana fitar da kashi sama da 30 a shekara, kowanne kusan awa guda. A 1959 shirye-shiryen kaboyi fiye da 20 ne ke gogayya a tashoshin Amurka da dare, yawancinsu kuma suka mutu cikin ƴan shekaru, domin labarinsu ɗaya ne: mugu ya zo, jarumi ya harbe shi. Waɗanda suka daɗe, irin Bonanza da Gunsmoke wanda ya yi shekara 20, su ne waɗanda suka sa mai kallo ya ji yana ziyartar wani gida ne da ya sani. Gida kuwa ba ya zama gida sai ana dariya a cikinsa wani lokaci. Idan ba ka taɓa ganin Adam da Joe suna tsokanar ɗan'uwansu a kan tebur ba, ranar da aka harbi ɗayansu ba za ka ji komai ba.

Wani abu da nake yawan tunawa shi ne ranar da aka nuna shi. An kashe Shugaba John Kennedy, wanda shi ma jinin Ailan ne, a Dallas ranar 22 ga Nuwamba, 1963. Kwana 30 na makokin ƙasa sun cika ne daidai ranar 22 ga Disamba. Ba shiri aka yi ba, dacewa ce kawai. Amma ka ƙaddara iyalin da suka shafe wata guda cikin makoki, bayan kwanakin da talabijin ba ta nuna musu komai sai akwatin gawa da fuskokin masu kuka, kwana uku kafin Kirsimeti, suka zauna suka ga Hoss yana ƙoƙarin shawo kan mahaifinsa cewa wallahi ya ga ɗan mutum mai koren kaya. Ban ga laifin wanda ya riƙe wannan daren a zuciyarsa har tsufa ba.

To, sai maganar da ta fi nauyi. Gaskiya ne rabin dariyar kashin ta dogara ne a kan girman jiki: ƙato mai nauyin kilo sama da 130 yana bin mutanen da ba su kai ƙugunsa ba. Gaskiya ne kuma Hollywood ta daɗe ba ta ba wadanni wani matsayi sai na aljani ko na abin kallo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma waɗanda abin ya shafa sun faɗa da bakinsu tun kafin a yi wannan fim. A 1957 ɗan wasa Billy Barty ya kira taron mutane masu irin halittarsa, mutum 21 suka hallara, daga nan aka kafa ƙungiyar Little People of America mai fafutukar kare mutuncinsu. A ina aka yi taron? A Reno, cikin Nevada, tafiyar ƙasa da awa guda a mota daga Virginia City. Don haka ba za a ce a 1963 ba wanda ya san akwai ciwo a wannan dariyar ba.

Abin da ya sa duk da haka nake kare kashin shi ne inda ya kai mai kallo. Ya fara da barin ka ka yi dariya tare da mutanen gari, ka ɗauki waɗannan bayin Allah a matsayin abin farauta kamar yadda kowa ya ɗauke su. Sai ya juya ya nuna maka cewa mutane ne masu suna, masu iyali, masu neman wurin zama da abin yi, kuma mugun labarin shi ne mai dogon jiki da kyakkyawar shiga wanda ya mai da su jari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma wannan ma tarihi ne. A daidai shekarun da labarin Bonanza ke faruwa, wani mai shirya wasannin kallo, P. T. Barnum, yana tara dukiya da nuna wani wada mai suna Charles Stratton, wanda ya laƙaba wa suna Janar Tom Thumb, ya kuma fara yawo da shi tun yana ɗan yaro ƙarami a 1842. Stratton ya yi arziki ya yi suna, har Shugaba Lincoln ya karɓe shi da amaryarsa a fadar White House a 1863. Amma shi ɗaya ne cikin masu yawa, kuma ba kowa ne ya faɗa hannun ubangidan da ya raba riba da shi ba.

Nan ne nake ganin muna da abin dubawa a gida. Finafinanmu na barkwanci su ma suna sa wadanni, kuma sau da yawa dariyar tana farawa daga tsayinsu ta ƙare a tsayinsu. Ba a ba mutumin buƙata, ba a ba shi gaskiya, ba a ba shi ranar da zai fi kowa hankali a wurin. Shirin da aka yi a 1963, da duk gazawarsa, ya kai ga tambayar wa ke cin kuɗin wannan dariyar. Ina so in ga namu sun kai nan, su wuce.

Dalilin da ya sa labarin ya tsaya da ƙafarsa kuwa mutum ɗaya ne, Dan Blocker, wanda ya fito a Hoss. Tsohon malamin makaranta ne daga Texas, tsohon sojan da ya yi yaƙin Koriya, mai digiri na biyu a fannin wasan kwaikwayo. Hoss ɗin da ya gina mutum ne mai ƙarfin sa da zuciyar yaro, wanda kullum yake ɗauko abin da wasu suka yar: dabba mai rauni, baƙon da aka kora, mahaukacin da gari ke jifa. Da Adam ne ya ga ɗan mutum a kan bishiya, da ya tsaya yi masa tambayoyi. Da Joe ne, da ya mai da abin wasa. Hoss ne kaɗai zai fara da ceto, ya sha dariyar gari, ya ƙi janye maganarsa, kuma ya ƙare yana tsaya wa mutanen. Ba a karya halinsa don a ba da dariya ba, daga halin nasa dariyar ta fito. Wannan ne ma'aunin da nake auna duk wani baƙon kashi da shi, a shirin Amurka ko a namu masu dogon zango: shin mutanen da na sani ne suka shiga wani hali na daban, ko kuwa an canza su ne don marubuci ya rasa abin rubutawa?

Masu son a ce Bonanza ya tsaya a kan bindiga da hawaye kawai sun sami abin da suke so daga baya. Blocker ya rasu ranar 13 ga Mayu, 1972, yana da shekara 43, bayan gudan jini ya toshe masa jijiyar huhu a sakamakon tiyatar matsarmama. Ba a nemo wani ya maye gurbinsa ba, aka bar Hoss ya mutu tare da shi. Kashin da ya buɗe zango na 14, wanda Michael Landon, mai fitowa a Joe, ya rubuta tun farko domin auren Hoss, sai aka mai da shi auren Joe: ya auri Alice, ta sami ciki, wasu mugaye suka kashe ta suka ƙona gidan. An kuma ɗauke shirin daga daren Lahadi da ya riƙe tun 1961 aka kai shi Talata. Masu kallo suka janye, a watan Nuwamba NBC ta sanar da rufe shi. Kashi na ƙarshe ya fita ranar 16 ga Janairu, 1973. Joe ne shi kaɗai a cikin daji, ba doki, ba bindiga, wani mai taɓin hankali yana farautarsa, kuma magana kaɗan ce a ciki.