Nasiha ga matasan zango kan sulhun iyali

'Yan uwana matasan zango, na Kumasi da na Nima ta Accra da sauran unguwanninmu a Gana, ina so mu dubi halin da iyayenmu mata da ƙannenmu suke shiga idan aure ya yi tsami har maganar ta wuce gaban limami da sarkin zango ta kai ofishin hukuma.

Tun shekarar 2010 ƙasar nan take da dokar sasanta rigingimu ba tare da shari'a ba, kuma kotuna da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ suna zaunar da ma'aurata a kan ciyarwa da riƙon yara. Sai dai kusan duk zaman da Turanci ko Twi ake yinsa. Na taɓa raka wata gwaggona irin wannan zama, na ga tana murza bakin mayafinta tana cewa "to" ga duk abin da aka faɗa, alhali mijin da take ƙara shi ne yake yi mata tafinta. Mai sulhun mutumin kirki ne, amma bai san yaji ba, bai san biko ba, bai kuma san idda ba, saboda haka ya ɗauki komawarta gidan iyayenta a matsayin gudun aure.

Mu da muka yi boko muka kuma yi allo, nauyin nan a wuyanmu yake. Ku raka matan nan, ku fassara maganarsu yadda suka faɗe ta, kada ku rage mata kaifi don kunyar surukai, kuma kada a ɗora wa ƙaramin yaro fassara rigimar uwarsa da ubansa, domin abin da ya ji a ɗakin nan zai daɗe yana cinsa. Masu hali a cikinku su nemi horon aikin sulhu, musamman mata, tunda akwai maganar da mace ba za ta iya faɗa wa namiji baƙo ba ko da za ta rasa haƙƙinta.

Ku kuma tuna wa masu ɗaura aure cewa doka ta nemi a yi rajistar auren Musulmi cikin mako guda, kuma rashin takardar yakan dawo ya wahalar da mace ranar rabon gado. Idan kuwa duka ne ya shiga tsakani, kada ku tsaya ga ba ta haƙuri, ku raka ta sashen 'yan sanda na DOVVSU mai kula da cin zarafi a cikin gida, ku zauna kusa da ita har ta gama bayaninta da Hausa.