Hannun Da Ya Ɗauki Bulo Don Wani

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Allah Maɗaukaki ya ce a Suratun Nahli, aya ta 80, shi ne ya sanya mana natsuwa a cikin gidajenmu. Ni'ima ce da ba mu cika lissafa ta ba, sai daren da rufi ya fara yoyo, uwa ta tashi tana jera kwanuka tana janye tabarmar yara.

A 1976 wasu ma'aurata, Millard da Linda Fuller, suka kafa ƙungiyar Habitat for Humanity, mai taimaka wa marasa hali su gina gidaje, a jihar Jojiya ta Amurka. A tsarinsu, mai aikin sa kai ya ɗauki hutu, ya biya kuɗin jirgi daga aljihunsa, ya tafi ƙasar da bai san kowa ba, ya kwaɓa siminti, ya miƙa bulo. Masu gidan ma suna cikin aikin, daga baya su biya a hankali gwargwadon ƙarfinsu. Wannan tsari ya kwanta min a rai, domin magidanci zai shiga ɗakin da mutuncinsa, da guminsa a jikin bango.

Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, wanda muka sani da yaƙi da ciwon kurkunu a ƙauyukanmu, ya shiga wannan aiki a 1984. Shi da matarsa Rosalynn sun sa hannu a gidaje sama da 4,000 a ƙasashe 14. A Oktoban 2019, yana da shekara 95, ya faɗi a gida har aka yi masa ɗinki a goshi. Washegari yana wurin gini a birnin Nashbil na Amurka, ido a kumbure, guduma a hannu.

To mu fa? Manzon Allah (SAW) da kansa ya ɗauki tubali lokacin ginin masallacin Madina. A hadisin Ibnu Majah ya lissafa gidan da aka gina wa matafiyi cikin ayyukan da ladansu ke riskar mumini bayan mutuwa. Gayya kuwa a gida muka gaje ta.

Wanda Allah ya hore masa, ya tafi irin wannan aikin gini. Amma ya gyara niyya tun kafin ya hau jirgi. Kada ya ɗauki hoton matar gida da yaranta a cikin buƙatarsu ya watsa a Facebook. Ya saurari maginan garin, su suka san ƙasarsu da daminarsu, kuma a biya su haƙƙinsu cif, kada zuwan baƙo ya raba su da abincinsu.

Allah ka rufa asirin duk iyalin da za su kwana yau ba rufi a kansu. Amin.