Hula Mai Lamba 23

Tun ranar Asabar ɗin nan ban sake bi ta Idi-Araba ba, kuma duk wanda ya ƙara turo min hoton hula a WhatsApp, ni da shi sai a gaban Allah. Na san wanda ya fara. Shi ma ya san na sani.

Kun dai san ɗaurin auren mutuminmu mai canji da aka yi a can Idi-Araba, nan Legas. An ce abokan ango farar shadda, hula kuwa kowa tasa ta fisshe shi. Shadda na yanka, tela ya ja min rai har daren Juma'a kamar yadda ya saba, wannan ba labari ba ne. Hula ce ta tsaya min a rai. Guda huɗu gare ni a Legas: ɗaya damina ta sa ta yi funfuna a cikin akwati, biyu sun koɗe har ni mai su na manta launin da na saye su da shi, ta huɗun kuwa, damangata mai ruwan toka, tana hannun wani bawan Allah. Zan zo kansa.

Wanda bai zauna garin nan ba ba zai gane azabar da hula take sha ba. A Kano a wanke maka ita, a sa sitati, a kifa ta a kan gungume a rana, ta bushe ƙayau, ta yi wata biyu tana tsaye kamar soja a fareti. A nan kuwa laimar teku kawai ta ishe ta. Kwana uku ta saki jiki kamar alayyafon da ya kwana a faifai.

Ranar Alhamis na kwashi koɗaɗɗun nan biyu na kai wa Baba mai wankin hula na Agege, ko zai yi musu wata dabara. Ya juya su, ya dube ni, ya ce, “Ɗana, waɗannan ai sai dai addu'a.” Sai ya waiga hagu da dama, ya sa hannu ƙarƙashin benci ya jawo wata baƙar leda. A nan ya kamata jikina ya ba ni. Bai ba ni ba, domin abin da ya fito daga ledar ya ɗauke min hankali.

Zanna bukar ce, aikin Bama, ɗinkin hannu. Shuɗi mai duhu da ratsin ruwan zuma, idon ɗinkin ƙanana kamar an jera ƙwayar gero da allura. Ta inji ko daga nesa ka gane ta, sumul take ba rai, amma wannan in ka shafa sai ka ji zaren yana magana a ƙarƙashin yatsa. Baba ya shiga yi min karatu: irin wannan mutum ɗaya yakan shafe fiye da wata yana duƙe a kanta, kuma tun da rikici ya tashi mutanen Bama a 2014 da yawan masu ɗinkin a Maiduguri suke yi. Har tarihin sunan ya ba ni, Zanna Bukar Dipcharima, ɗan Borno, minista a zamanin Tafawa Ɓalewa. Ni dai ina ta gyaɗa kai ina lissafin abin da ke aljihuna.

Na ce ta wace ce? Ya ce, “Mai ita ya fi shekara bai waiwaye ta ba, ina jin ya koma arewa.” Ya sa dubu 25, muka yi ta ja har ya sallama a 12.

Matsala ɗaya: lamba 23 ce, ni kuwa kaina 22. Na ɗora ta, ta sauko ta zauna a kan kunnuwana. Baba ya ce, “Inci ɗaya ne fa. Ai kai yana buɗewa in arziki ya zo.”

Da dare na ɗauki almakashi na yanka katin gayyatar auren gida uku a tsaye, domin shi ne takarda mai kauri da ke kusa da ni, na zagaya cikin hular da shi. Ta zauna daram. Na fi awa ɗaya a gaban madubi. Na turo ta goshi irin na 'yan gaye, na ga na yi kama da mai neman rigima. Na tura ta ƙeya, na koma dillalin gidaje da ciniki ya watse wa. Daga ƙarshe na ɗan dasa mata kari a gaba, na karkata ta hagu kaɗan, kaɗan ɗin da sai mai ido zai lura. Ni a ganina nan mutane suke kuskure. Hula ba launin shadda take bi ba, launin aikin wuya take ɗauka, kuma mai doguwar fuska ba shi da haɗi da doguwar hula. Marigayi Shagari ta yi masa kyau, shi ke nan kowa ya ɗauka shi ma za ta yi masa.

Acaba dai kun san tun 2022 aka hana ta a Mushin da Oshodi, saboda haka danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya, na hau daga Agege. Rufin danfo kuwa ba a yi shi don mai hula ba. Na cire ta na sa a leda na rungume a cinya kamar jaririn da za a kai rigakafi, na rufe kaina da hankici. Kusa da ni wani Bayarabe ne da tasa hular ta aso oke, saƙinsu na gargajiya, wadda suke kwantarwa gefe. Zafi ya ishe shi a gosulon Ikeja, ya cire ta ya ninke huɗu ya cusa a aljihu. Da za mu sauka a Oshodi ya zaro ta ya karkaɗe ya mayar, kamar ba abin da ya faru. Wallahi sai da na ji hassada. Daga nan na shiga keke Marwa, na sa aka sauke ni nesa da masallaci kaɗan, na leƙa madubin wata mota da ke ajiye na daidaita kayana.

Jama'a, na shiga da kyau. Wannan ko maƙiyina ya shaida. Maroƙi na hango ni ya saki wanda yake bi ya yo kaina, yana cewa hula ta san kan da ta hau. Dubu ɗaya na ba shi, ni da na yi niyyar ɗari biyu. Ango ya riƙe hannuna ya ce, “Kai, wannan ai ka fi ni fita.” Sai ya ce in zo mu gai da baffan amarya, shi ne waliyyi. Alhajin tumatir na kasuwar Mile 12. E, shi.

Abin da ban lissafa ba shi ne gumi. Ƙarƙashin rumfar nan ba iska, kati kuma ya sha ruwa ya yi laushi kamar burodin Agege a shayi.

Na cire takalmi, na taka tabarma, na durƙusa. Na buɗe baki na ce, “Ranka ya daɗe, barka da...” sai duniya ta yi duhu. Hular ce ta zamo ta rufe min ido har karan hanci. Da na yi haƙuri na ɗaga ta a hankali da hannu biyu, da yanzu ba wannan zancen ake ba. Amma a firgice na sa bayan hannu na ture ta sama da ƙarfi. Ta tashi. Ta dira a kan tabarma a gefenta, kuma saboda Baba ya ba ta sitati na tsoron Allah, ba ta kwanta ba, sai ta kama gangarawa kamar tayar da yara ke korawa. Ina durƙushe ina kallonta. Ta wuce gaban liman, liman ya ɗage ƙafa ya ba ta hanya. Ta kewaye tiren goro da alawa. Ta yi wani ɗan rangaji kamar za ta faɗi, na ce alhamdulillahi, sai ta sake miƙewa ta yi kwana, ta je ta daki gwiwar Alhaji, ta yi juyi biyu ta kwanta rigingine, cikinta a sama.

Wurin ya yi tsit. Har maroƙin.

Yanki ɗaya na katin ya faɗo a kan tabarma, kuma cikin ukun sai da ya zama mai ɗauke da sunan amarya da na iyalan gidansu. Na biyu yana cikin hular. Na ukun ban san inda yake ba sai da na ga idon kowa a goshina. Yana manne a nan, gumi ya liƙe shi. An ce wai “Ranar Asabar, ƙarfe 11” ne a rubuce. A saman sa kuma ga sanƙon da na shekara uku ina ɓoyewa, wanda ko ango bai san da shi ba, yana ƙyalli a bainar jama'a.

Alhaji ya ɗauki hular. Na miƙa hannu biyu in karɓa. Bai ba ni ba. Ya zare guntun katin da yatsa biyu ya ajiye gefe, ya leƙa ciki. Ya daɗe yana leƙe. Ya laluba aljihu ya ɗauko tabarau ya saka, ya sake leƙawa. Hannuwana fa har yanzu suna miƙe a iska kamar mai jiran fatiha. Sai ya kira wani yaro, jikansa ne ina ji, ya ce, “Zo karanta min nan.”

Ashe masu wanki suna rubuta sunan mai hula da biro a can cikin gindinta don kada ta ɓace musu. Ni da na yi awa ɗaya ina kallon wajenta, ban taɓa duba cikinta da kyau ba. Yaron nan, mai murya kamar lasifikar tasha, ya karanto sunan Alhaji da lambar rumfarsa, harafi bayan harafi.

Alhaji ya ce, “Ikon Allah.” Ya dube ni ta saman tabarau. “Samari, a ina ka same ta?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, saya na yi.”

“A Agege?”

Na ce e.

Ya juya wajen liman ya ce, “Malam, ita ce wadda na ba ka labari. Tun babbar Sallar bara. Mutumin nan ya rantse min iska ce ta ɗauke ta a shanya.” Liman ya ce lallai iska ta yi tafiya.

Sai ya cire ta kansa, ya ɗora wannan. Ta zauna masa kamar a kansa aka ɗinka ta, wanda kuma haka ne. Na ɗauka wadda ya cire zai miƙo min in rufa asiri. Ya miƙa wa jikan ya ce a kai mota. Ya zaro naira 500 ya danƙa min a hannun da na miƙa tun ɗazu, ya ce, “Ga kuɗin wanki, Allah ya yi albarka.” Kuma na karɓa. Har na ce amin.

To duk wannan zan iya haɗiyewa. Alhaji hularsa ya gani, ba ni da ta cewa. Wanda ba zan yafe wa ba shi ne mai sayar da waya, wanda dariyarsa ce ta fara fashewa daga bayan rumfa, irin dariyar nan tasa mai kama da tayar da janareto. Shi ne ya ɗaga murya ya ce, “Don Allah a ara masa hula mana, rana na dukan madubi!” Na waiga in ga mai maganar. Me zan gani a kansa? Damangata. Mai ruwan toka. Wadda ya ara da ƙaramar Sallah shekara biyu da suka wuce ya ce zuwa la'asar zai dawo da ita. Na bi shi shagonsa ya fi sau biyar. Ya ce tana wajen wanki. Ya ce ƙaninsa ya tafi da ita Sakkwato. Sau ɗaya har ya ce min wace damanga. Ga ta nan a kansa, ya ma lalata mata kari, ya tura ta ƙeya kamar wanda ya ci bashin banki. Har ɗan tabon man ja da ke gefen hagu, wanda na yi a wajen wani suna a Obalende, ina hango shi daga inda nake durƙushe.

Kuma ku duba irin mugun lissafin mutumin nan. Ya san ba ni da bakin magana. Wanda aka kama yanzun nan da hular waliyyi, ya tashi kuma ya nuna kan wani ya ce waccan ma tawa ce? Wa zai yarda? Sai a ce abin nasa ciwo ne. Ya dube ni, na dube shi, ya sa yatsa ya gyara mata zama. Wannan mutumin fa ni na tsaya masa ya samu ɗakin da yake ciki. Cajar da ya sayar min ma kwana tara ta yi.

Haka aka ɗaura aure ina zaune a sahun baya da hankici a ka. Nawa aka biya sadaki, ban ji ba. A hotuna kuma duk inda kuka ga ango da wani rabin kafaɗa a gefe, ni ne.

Ranar Litinin na je Agege. Benci na nan, gungumen na nan, Baba ba ya nan. Mai shayin kusa da shi ya ce ya tafi gida ganin iyali, sai bayan Sallah. Wace Sallar, bai faɗa ba. Koɗaɗɗun hulunana biyu ma suna cikin ledar da ya tafi da ita.

Yanzu dai hana-sallah nake sawa, wata baƙa da na saya a gadar Oshodi. Tana da maɗauri a baya, ko wane irin kai gare ka za ta zauna. Jiya na gwada ta da kaftani, matar maƙwabcina ta tambaye ni ko na fara aikin gadi ne.